Rasuwar Kabad Mai Durowa Sittin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne in za a faɗi gaskiya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa neman littafi ya samu, rasuwar abokin aikina na shekara talatin da huɗu, kabad ɗin katuna na babban laburare, mai durowa sittin, wanda yake tsaye a hannun dama in an shigo, tsakanin taga da teburin bayar da aro. Ya rasu wata Laraba da hantsi, yana da shekara hamsin da takwas, kuma da lafiyarsa garau. Ba a sanar da ni ba. A bakin masinjan laburaren na ji, bayan mako uku, muna tsaye a layin asibiti kowa da katinsa a hannu.

Saboda waɗanda aka haifa da waya a tafin hannu, bari in faɗi ko wane ne marigayin. Katako ne baƙi, mai nauyin da sai ƙarti shida suke gusar da shi. Kowace durowa tana da ɗan marfin tagulla a goshi da aka saƙala haruffa a ciki, kowace kuma tana ɗauke da katuna kusan ɗari bakwai a tsaye, an huda kowanne daga ƙasa, an zura musu sandar ƙarfe guda don kada wani ya zare ko ya sauya wuri. Littafi ɗaya, kati ɗaya. Ka san sunan marubuci ko sunan littafi, ka ja durowa, yatsanka ya yi tafiya a kan katunan, katin ya gaya maka kanta da lamba. Iyakarta ke nan. Na ga farfesa da mai shara sun tsaya kafaɗa da kafaɗa a gabansa, bai tambayi ko ɗaya takardar shaida ba.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Maganarsa uku ce duk tsawon zamanmu. In ka ja durowa, ya ce “ƙiiir”. In ka mayar, ya ce “tum”. Durowa ta ashirin da biyu kaɗai, wadda ta sha ruwa shekarar da rufi ya yi yoyo, takan ce “ƙiƙ” ta tsaya, sai ka ɗaga ta kaɗan ka lallashe ta. Bai taɓa cewa a jira wuta ta dawo ba. Bai taɓa cewa ka manta lambar sirri ba. Bai taɓa nuna wa kowa wani ɗan zobe yana juyawa, yana juyawa, har mutum ya tuna yana da wani aikin ba. Yana da aibi, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: wanda yake nesa ba ya amfana da shi, ɓera ya taɓa haihuwa a durowar ƙasa, kuma ya karya mini farce ya fi a ƙirga. Ni ba ta cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi na yanzu ba ce. Na ga da ɗin da idona, akwai shirme a cikinsa tuli. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ni na san tsofaffin da ko ciwon kai ba za su warkar ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne bayan katin.

Matar da ta koya mini aiki, wadda muke kira Mai Gilashi, Allah ya jiƙanta, ita ta kafa mana wannan hanya. Fuskar kati ta doka ce: abin da littafin ƙa'ida ya yarda a buga da tafireta, shi kaɗai ake bugawa. Bayan kati kuwa na gaskiya ne, da fensir ake rubuta shi. A can za ka ga an rubuta cewa wannan littafi shafi goma sun ɓace daga tsakiyarsa, kada a zargi mai aro. Ko cewa littattafai biyu ne aka ɗinke a bango ɗaya. Ko cewa marubucin ya yi ƙarya a kan shekarar. Mafi girma duka, a can muke rubuta amana. Akwai littattafan rubutun hannu guda arba'in da ɗaya a sito waɗanda ba na laburare ba ne. Iyalai ne suka kawo ajiya saboda tsoron gara da gobara da 'ya'yan da ba su san darajar takarda ba. Sunan mai shi, da sharaɗinsa, da sa hannunsa, duk a bayan katin suke. Za a ce me ya sa ba mu buɗe rajista ba. Mun buɗe. Yoyon da ya jiƙa durowa ta ashirin da biyu shi ya cinye ta, muka ce ai katunan suna nan, sandar ƙarfe ta riƙe su. Wannan sakacina ne, na ɗauka.

Shekara goma sha tara da suka wuce wani dattijo mahaƙin rijiya ya shigo da littafi a naɗe cikin tsohuwar riga. Tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. A ciki ya rubuta kowace rijiya da ya haƙa a shekara arba'in: gidan wa, gaba nawa, inda ya tarar da yashi, inda ya ci karo da dutse, inda ruwan ya fito da zartsi, inda ya haƙa ya tashi a banza. Har da sunan abokinsa da ƙasa ta rufta wa, da ranar. Littafin ƙa'ida ya ce sunan marubuci daga shafin farko ake ɗaukarsa, littafin dattijon kuwa ba shi da shafin farko, da rijiya ya fara. Don haka ni, da takardun shaidata biyu, na buga a fuskar katin: marubuci, ba a sani ba. Mutumin yana zaune a gabana yana shan ruwa. Na juya katin na rubuta sunansa da fensir, da cewa a mayar wa 'yarsa duk ranar da ta nema, ya sa hannu. Da zai tashi ya dafa kabad ɗin ya ce:

“Malama, ajiya ce fa, ba kyauta ba.”

Na ce masa ko bayan raina ne, wannan kabad zai faɗa. Ga shi ina raye, kabad ɗin ne ya riga ni.

Ciwon ajali ya kama marigayin shekara biyu da suka wuce, bayan na yi ritaya da shekara huɗu, ranar da sabon Darakta ya dawo daga wani taro da jaka mai tambari da kalmomi sababbi a baki. Mutum ne mai fara'a, mai tsabta, ba ya cin hakkin kowa yana sane, kuma bai taɓa jan durowa ba. Ya ce za a zuba laburare duka a cikin kwamfuta, a ɗora a intanet, domin ilimi ya kai ga kowa, a kuma tsare gadon kakanni daga gara. Na ji na ce madalla, har ga Allah na ce. Na rubuta masa takarda shafi uku, na ja layi biyu a ƙarƙashin jimla ɗaya: a ɗauki hoton katunan gaba da baya. Masinja ya shaida mini cewa an karɓa, an buga mata hatimi, an saka ta a fayil, fayil ɗin kuma yana cikin ƙoshin lafiya har yau.

Mai kwangila ya zo da na'urar da ke haɗiyar takarda ta gaba ta amayar ta baya. Aka zare sandunan ƙarfe sittin, aka juye katuna a kwali kamar ana zubar da ƙaiƙayi. Na'urar tana da maɓallin ɗaukar fuska biyu, masinja ya gan shi, kore ne. Ba wanda ya danna. Mai kwangilar ya ce a duk duniya bayan kati fanko ne, haka aka koya masa. Haka aka koya masa! Katuna dubu arba'in suka bi ta hannunsa, wata huɗu cur, bai juya ko ɗaya ya duba ba, saboda ya riga ya san abin da babu a can. Ilimin da ya hana mutum juya takarda, ni ban san sunan da zan ba shi ba.

Da aka gama, aka yi biki da lasifika. An gayyace ni, an zaunar da ni a layin gaba, an kira ni uwar laburare, aka tafa. Darakta ya danna wani abu, allo ya yi shuɗi, aka sake tafawa. Ban san a lokacin cewa fuska ɗaya aka ɗauka ba, ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi zafi. Watanni bayan haka kwamiti ya zauna ya gano cewa kabad ɗin yana cin wuri. Kafinta ya saya, ya farfasa shi a tsakar laburaren don ya ƙi fita ta ƙofa. Katunan kuma aka auna su a sikeli aka ba mai sayen tsohuwar takarda. Gara ta yi shekara hamsin da takwas tana nemansa ba ta samu ba. Gudun gara aka yi, aka faɗa gidan zago.

Wata uku da suka wuce 'yar mahaƙin rijiyar ta zo gidana. Tela ce, ta haura hamsin, tana da tabon allura a yatsa da idon ubanta sak. Uban ya rasu bara. Ta ce ta je karɓar littafin, an duba kwamfuta an ce marubuci ba a sani ba, mallaka kuma ta laburare. Ashe manhajar tana da gurbin mai mallaka, kuma duk inda aka bar gurbin fanko, ita da kanta take cike shi da sunan laburare. Ko ɓarawon akuya yakan ɗan waiga kafin ya kwance igiya. An ce mata kada ta damu, an ɗauki hoton kowane shafi, tana iya gani daga ɗakinta. Muka gwada da wayata, ina da ita kuma na iya ta. Shafin ya yi mana maraba da manyan haruffa cewa ilimi na kowa ne, sa'an nan ya nemi wasiƙa daga jami'ar da take bincike. Ta ce mini, a hankali, ita ba hoto take so ba. Akwai shafin da gumin babanta ya ɗiga tawada ta baje, tana yarinya ta ga lokacin da ya ɗiga, wannan take so ta riƙe.

Muka tafi tare wurin Darakta. Ya tashi tsaye, ya ba ni kujerarsa mai juyawa, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Na gaya masa ni na karɓi littafin, ni na rubuta sharaɗin, na faɗi launin rigar da aka naɗe shi, na faɗi abin da ke shafi na bakwai ba tare da na duba ba. Ya saurara yana gyaɗa kai irin na likitan da ya riga ya rubuta magani. Ya ce bai musa ba ko kaɗan, amma hukuma da rubutu take aiki, in aka buɗe wannan ƙofa gobe kowa zai zo ya ce kakansa ne ya rubuta ƙamus.

“Mama, ki kawo katin,” in ji shi. “Ina ganin katin zan sa hannu.”

Na tambaye shi wa ya sayar da katin. Ya ce kwamiti. Na tambayi wa ke shugabantar kwamitin. Ya tambaye ni ko ruwan ya yi sanyi da yawa. Muna fita sakatariyarsa ta biyo mu matakala ta raɗa mini cewa nan da wata uku, ranar Litinin ta ƙarshen watan, mota za ta zo ta kwashe rubuce-rubucen hannun duka zuwa babbar ma'ajiya ta ƙasa, inda ake kulle su a sanyi, kuma abin da ya shiga can da sunan laburare ba ya fitowa da sunan tela.

Tun ranar nake bin gawar marigayin kasuwa-kasuwa, ni da sandata da telar. Mai sayen takarda ya raba katunan ga duk mai so, kati ne mai kauri, yana da amfani. Mai ƙusa yana rubuta girman ƙusoshi a kansu yana soka wa a buhu. Mai kemis yana yanka su yana liƙa wa kwalabe. Wata mai sayar da maɓallan riga ta ɗinke dozin-dozin a kan tarihin falsafa gaba ɗaya, ta kuma yi mini ciniki mai kyau da ta ji labari, ta ce in tsinke maɓallan in bar mata. Wani mai gyaran takalmi yana yin shimfiɗar cikin takalmi da su, wato akwai mutanen da ke yawo yau suna taka ilimin taurari. Ba wanda ya yi mini rowa a cikinsu, kuma kowannensu, ba tare da na ce ba, in ya ɗauki kati sai ya juya bayansa ya duba ko da rubutu. Mai ƙusa ya ce ai kowa ya san ana juya takarda. Na ce masa bai je taro ba ne.

Zuwa yau na tattaro kati dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Tara daga cikinsu na amana ne, na kai wa iyalansu hannu da hannu, uku har sun karɓo kayansu, Darakta ya cika alkawari, wannan na ba shi. Na mahaƙin rijiya bai fito ba.

Marigayin ya rasu ya bar durowoyi sittin a warwatse. Goma sha ɗaya suna wurin kafinta cike da sukurori, wasu an ce ana ba kaji tsaba a cikinsu, ɗaya na gan ta a tagar wani gida an shuka albasa. Ta ashirin da biyu ba wanda ya so ta saboda taurin kanta, na saye ta, tana kan teburina. Ya bar na'urar da ta haɗiye shi, a lulluɓe da zani a kusurwa, tun da kwangila ta ƙare ba wanda ya san yadda ake kunna ta. Ya bar shafin intanet, magajinsa, wanda muke yi wa addu'ar samun lafiya, don kwana biyu a mako yakan suma. Ya bar wani fari a daɓen laburare, daidai faɗinsa da tsawonsa, inda aka ɗora tukunyar furen roba. Ya bar iyalai talatin da biyu da, ban da telar, ba su san an gaje su da ransu ba. Ya bar ni.

Masu zuwa ta'aziyya, na gode, amma a taimake ni da abu biyu. Kada a ce mini zamani ne. Zamani bai hana kowa danna koren maɓalli ba. Kada kuma a ce mini haƙuri maganin zaman duniya. Na yi shekara saba'in da huɗu ina shan wannan magani, na lura masu rubuta shi ba su cika sha ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba a binne mamaci gunduwa-gunduwa, don haka duk wanda ya ga kati mai launin madara, tsawon tafin hannu, da huda ɗaya a ƙasa, a shago ko a cikin takalmi ko a ƙarƙashin ƙafar tebur, ya juya bayansa. In da rubutun fensir, ya kawo. Duk wanda kuma ya san uwarsa ko kakansa ya taɓa kai littafi ajiya, ya zo ko ba shi da komai a hannu. Za a taru ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata, kafin motar ta zo, ƙarfe goma na safe, a ƙofar baya ta laburare, wajen famfo. Za a ɗauki durowa ta ashirin da biyu a kafaɗa, a hau da ita ofishin Darakta, a jera masa katunan a tebur bayansu a sama, in karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi. Ba a buƙatar kuka. A zo da tabarau.

In aka kai ƙarfe goma sha biyu katin mahaƙin rijiya bai bayyana ba, to ga sauran shirin, ina rubuta shi a fili don kada a ce na yi a ɓoye. An sa wa ƙofar gaba makulli mai lambobi, amma ƙofar sito tana nan da kwaɗonta na da, kuma ranar da na yi ritaya an karɓi katin shaidata da laimar ofis, ba wanda ya tuna ya tambayi mabuɗi. Na san Darakta zai karanta wannan. Na kuma san canja kwaɗo sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuwa sai wata mai kamawa. Zan buɗe, in ɗauko littafin daga kwali, in sa shi a hannun 'yar mai shi a gaban jama'a, in rubuta takardar karɓa gaba da baya in bar masa a tebur, mu fita ta ƙofar gaba. Telar ta ce tana tsoron a kama ni. Na ce mata ubanta ya shiga rami gaba ashirin da igiya ɗaya don mutane su sha ruwa, ni matakala huɗu kawai zan sauka.

In za a kira 'yan sanda, a gaya musu su zo da mota mai ƙasa-ƙasa, gwiwata ba ta hawa. Allah ya jiƙan katako, ya shirya masu takardun shaida, har da ni.